Ina Kifin Ya Koma? Yadda Masuntan Tafkin Chadi Ke Bin Sawun Ruwa

A watan Janairu, idan hunturu ya kankama, N'Djamena kan makara wajen tashi, ban da sashen 'yan kifi na kasuwar Dembé. Tun hazo bai washe ba mata sun jera robobi da kwanoni, sun ƙudundune cikin mayafai, idanunsu na kan titi. Motocin da suke jira sun taso ne da tsakar dare daga Guitté da sauran matsayan jirage na bakin tafki, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai arewa da birnin. A bayan kowace mota an ɗaure tsofaffin firji da suka daɗe da mutuwa, an cika su da ƙanƙara da kifi.

Da an ɗaga murfi, gogaggiyar 'yar kasuwa ta san inda masunta suka kwana. Karfasa masu duhun jiki da tarwaɗa baƙi wulik, daga cikin ciyawa suka fito. In ta ga giwan ruwa mai sheƙi, wanda masu Faransanci ke kira kapiten, to wani ya fita sarari, ko ya yi dako a inda kogin Shari ke zuba cikin tafki.

Ƙorafin masu cefane bai canja ba a shekarun nan: kifi ya yi tsada, kuma manyan sun yi wuya. Amsar da aka fi bayarwa ita ce tafkin ya ƙafe. Wanda ya je bakin ruwan zai ga amsar ba ta gamsar ba, domin ruwa na nan, kifi ma na nan. Tambayar da ke hana masunci barci ita ce ina kifin ya koma a bana, kuma wa zai bar shi ya isa wurin.

Tafkin da ba ya zama wuri ɗaya

A 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 ko kusa da haka. Fari na farkon shekarun 1970 ya rage shi, har a 1973 wani tudu mai ciyawa, wanda ya taso daga wajen Baga ta Najeriya ya doshi gaɓar Chadi, ya raba shi gida biyu: kwarin kudu da kwarin arewa. Farin 1984 ya ƙara dagula lamarin. A wasu shekaru na lokacin kwarin arewa ya bushe ƙarau, aka riƙa tuƙa mota a inda jiragen ruwa suke wucewa a da.

Hotunan wancan zamani ne har yau ake nunawa a tarukan duniya. Amma binciken da aka yi da tauraron ɗan'adam a 'yan shekarun nan ya nuna tafkin ya daina ja da baya tun shekarun 1990, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ne a ƙarƙashin ciyawa, inda hoto daga sama ba ya ganin sa.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne rashin zurfi. A yawancin wurare ruwan bai wuce mita ɗaya zuwa uku ba, rana da iska kuma suna ɗauke kusan mita biyu a kowace shekara. Gaɓar shimfiɗe take kamar faifai. Ruwa ya ƙaru da taƙi biyu, sai bakin tafkin ya matsa da kilomitoci. Saboda haka mutum ba ya gadar wa ɗansa wurin su a nan kamar yadda zai gadar masa gona. Inda aka cika jirgi bara, bana ƙila masara ce a tsaye a wurin.

Labarin daga N'Djamena yake farawa

Kusan kashi tara cikin goma na ruwan da koguna ke kai wa tafkin ta gaban N'Djamena yake wucewa. A nan Logon ke haɗuwa da Shari, daura da Kuseri ta Kamaru, bayan ruwan ya yi tafiyar sama da kilomita 1,000 daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tuddan Adamawa. Kogin Komadugu Yobe, wanda ke ɗauke da ruwan Haɗeja da Jama'are zuwa kwarin arewa, ɗan cikon benci ne idan aka kwatanta.

Shi ya sa damina ta tafki daban take da ta sama. Ruwan sama kan ɗauke a Satumba, amma Shari ba ya kai maƙura a N'Djamena sai ƙarshen Oktoba ko cikin Nuwamba. Kwarin kudu ya cika a Disamba. In ruwan ya isa, ya haura tudun nan ya gangara arewa a hankali, yana ratsa ciyawa, har cikin watannin farko na sabuwar shekara.

Tsohon masunci da ya tsaya a gadar Chagoua ta N'Djamena a Oktoba ya dubi inda ruwa ya kai a jikin ginshiƙai, ya riga ya karanta rabin shekararsa. Kogi ya cika, to fadamu za su sha ruwa, kifi zai samu inda zai yi ƙwai, 'ya'yan su samu ciyawar ɓuya, kwarin arewa ya rayu. Kogi ya yi rowa, kowa zai cunkushe a kudu. Ma'aikatan kula da ruwa suna karanta wannan a jikin ma'auni, Hukumar Raya Tafkin Chadi, wadda aka kafa a birnin nan a 1964 tun ana kiran sa Fort-Lamy, tana tattara alƙaluman. Masunci kuwa yana samun nasa labarin ta wayar salula, daga ɗan'uwa a unguwar Farcha ko dillali a Dembé.

Akwai ɗaci a cikin wannan lissafi. A 2022 da 2024 Shari ya haura mita 8 a N'Djamena, unguwanni irin su Walia da Toukra suka nutse, ambaliyar 2024 kuma ta kashe mutum sama da 500 a faɗin ƙasar. Ruwan da ya rushe ɗakunan birni shi ne ya je ya shimfiɗa wa kifi gidan haihuwa a tafki. Ba wanda ke faɗin haka da ƙarfi a gaban wanda ya kwana a tanti, amma masunta sun sani.

Karatun ruwa

Tafkin kashi uku ne ga mai jirgi. Akwai sarari, buɗaɗɗen ruwa a gaban bakin Shari. Akwai fadama, dajin ciyawa da kacalla da gwangwalar ruwa wanda ya mamaye mafi yawan tafkin. Akwai kuma tsibirai na wajen Bol da Baga Sola, waɗanda asalinsu tuddan yashi ne da ruwa ya kewaye, da mashigai masu ɗan zurfi a tsakaninsu. Kowanne da kifinsa, kowanne da kayan aikinsa.

Abu na farko da gwani ke dubawa shi ne launi. Ruwan kogi yana zuwa da laka, jaja-jaja. Ruwan da ya tsaya cikin ciyawa ya tace, ya koma kamar baƙin shayi. Inda biyun suka haɗu ana ganin layi ƙarara a fuskar ruwa, kuma a nan ƙananan kifi ke kiwo, tsage da giwan ruwa na fakon su. Mai kalli yakan shimfiɗa ragarsa a bin wannan layi.

Na biyu wari ne. Idan sabon ruwa ya fara ratsa ciyawar da ta mutu tun rani, sai ta ruɓe, ta shanye iskar da ke cikin ruwan. Yawancin kifaye su gudu ko su mutu. Tarwaɗa da gaiwa, waɗanda ke iya leƙowa su shaƙi iska daga sama, su ne ke zama. Mai hanci ya ji wannan ɗoyi ya san ba wurin kalli ba ne. Mamari zai ɗaura, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi, ya bar wa tarwaɗa.

Sai gora, wato sandar tuƙi. Ba tura jirgi kawai take yi ba, hannun masunci ce a ƙarƙashin ruwa. Da ita yake jin yashi da taɓo, yake gano tsohuwar hanyar ruwa da ta nutse, ko rami da ya fi kewayensa zurfi da kamu ɗaya. A tafki irin wannan, kamu ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Kifi ma yana barin shaida. Bargi kan share ciyawa ya yi sheƙa mai da'ira, faɗinta kamar na babban faranti ko fiye, kuma ana ganin sa yana juyi a kusa. Karfasa na haƙa ƙananan ramuka a yashi mara zurfi. Da asuba, in ruwa ya kwanta, mai kunne yana jin tarwaɗa na ɓalɓal a gefen ciyawa. Tsuntsaye kuma 'yan rahoto ne da ba a biya: inda kwasakwasa suka yi sahu suna kora, ko zalɓe ya kafe ya ƙi tashi, akwai dalili.

Akwai kuma inda kowa ya san da kifi amma ba kowa ke zuwa ba. Kashin dorina yana ciyar da ruwa, kifi na taruwa a kududdufinta. Dorina kuwa ba ta san zumunci ba, jirgin katako a wurinta kamar ƙwarya ne. A kwarin arewa, wata bishiyar ƙaya mai suna Prosopis ta yi daji a shekarun da wurin ya bushe. Da ruwa ya dawo ta mutu a tsaye, kifi ya samu mafaka a cikin rassanta. Mai raga ya shiga ya fito da tsumma.

Wani abin da ke rikita baƙo shi ne tsibiran ciyawa masu yawo, waɗanda mutanen tafkin ke kira kirta. Iska na tura su. Mashigar da ka bi da safe, ka dawo da la'asar ka tarar ta toshe. Buduma, 'yan asalin tsibiran, waɗanda suka yi suna da jiragen ciyawa da ake kira kadei, su ne malaman kowa a wannan fanni. Bahaushen da ya zo daga Kabi ko Haɗeja da gwanintar kogi, sai da ya koyi tafki a hannunsu da hannun Kanuri da Kotoko.

Su a cikin hunturu

Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwan na yin sanyi ƙwarai. Karfasa kifin ɗumi ce. Sanyi ya kama ta sai ta rage kiwo, ta bar bakin gaɓa, ta taru a ramuka da ƙarƙashin ciyawa mai kauri. Mai birgi da ya saba jefawa daga tsaye a ruwa iya gwiwa sai ya yi ta jifa a banza. Da rana ta ɗaga, ruwa mara zurfi ya ɗan yi ɗumi, ta sake fitowa.

Iskar arewa maso gabas tana da nata tasiri. Takan tsananta da hantsi, ta tayar da igiyar ruwa a sarari, ta dama laka, ta tura ruwan zuwa gaɓar kudu maso yamma. Shi ya sa ake shimfiɗa raga da yamma, a ɗebe da sassafe kafin iska ta farka, kuma ake neman bayan tsibiri ko bayan ciyawa, inda ruwa ke kwance.

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa a can arewacin Amurka, a jihohi irin su Minnesota, akwai masu wannan lissafi a kan ruwan da ya daskare. Suna tafiya a kan tafki da ƙafa ko da mota, su huda ƙanƙara, su zura ƙugiya suna neman wani kifi mai faɗin jiki kamar karfasa da suke kira kirafi. Shi ma da sanyi yakan bar gefe ya taru a kwari mai zurfi, ya fi cin ƙugiya da asuba da magariba. Suna da taswirar zurfin tafki a waya, da na'urar da ke nuna kifi a allo, kuma yawancinsu nishaɗi ya kai su. Taswirar da suka saya bara tana aiki bana. A Tafkin Chadi ƙanƙara ɗaya ce, wadda ake sarowa daga N'Djamena a cikin buhu, taswira kuwa kafin a gama zana ta ruwa ya tashi.

Da salanga ta yi ƙaura

Dattawan N'Djamena suna tuna zamanin salanga, wani siririn kifi dangin kawara da ake tsagawa a shanya. A da, garke-garke take haurowa daga tafki ta bi Shari da Logon don yin ƙwai a fadamun da ake kira Yaere. Kotoko na tare ta da manyan jirage masu raga mai kusurwa uku a goshi. 'Ya'yan kuma, idan ruwa ya fara janyewa, su gangaro ta kogin El Beid, wanda ya raba Gamboru da Fotokol. A lokacin, sanin wurin su sanin kalanda ne: kifin zai zo ya same ka.

Masanan cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, da suka yi shekaru suna aiki daga Fort-Lamy, sun ga yadda wannan tsari ya rushe. Da tafkin ya tsuke a farkon shekarun 1970, kifi ya cunkushe, aka yi kamun da ba a taɓa gani ba, sannan abin ya faɗi warwas. Madatsar Maga da Kamaru ta gina a 1979 don noman shinkafa ta ƙara rage ruwan da ke shiga Yaere. Kifayen sarari masu dogon zango suka ragu. Karfasa, tarwaɗa da bargi, 'yan fadama masu jure wahala da saurin haihuwa, suka gaje wurin.

Duk da haka tafkin bai daina ciyarwa ba. Ƙiyasin masana na kai kamun shekara mai albarka wajen tan dubu 100. Bandar da ake lodi a Baga ta bi ta Maiduguri har Onitsha da Legas, yawancinta tarwaɗar nan ce.

Dumba: wurin da ake saye

Sabon kifi ya zo da sabuwar dabara. Masunta 'yan Mali suka shigo da gura, wani tarko na sanduna da raga mai kama da kwando. Ba a daɗe ba aka fara jera ɗaruruwansu a layi ɗaya, a datse mashigar da kifi ke bi idan ruwa na shiga fadama ko yana fita. Wannan shinge shi ne dumba.

Dumba ta canja ma'anar wuri mai kyau. Mashigan da suka dace da ita ƙidayayyu ne, kuma kowa ya san su. Saboda haka ba ganowa ake yi ba, nema ake yi a wurin bulama ko lawani, a biya, wani lokaci tun ruwa bai iso ba. Mai kuɗi ya kama mashiga, ya ɗauki yara aiki. Mai jirgi ɗaya da kalli biyu ya koma bayan shinge yana jiran abin da ya tsallake.

Masu dumba na cewa jarinsu suka zuba, kuma shekarar da ruwa bai zo ba su ke asara. Ƙananan masunta na cewa an tare musu hanyar abinci. Jami'an ruwa da gandun daji, masu aiki da dokar 2008 ta Chadi kan dazuzzuka da namun daji da kifi, suna nuna matsalar ƙananan idon raga da ke kwashe 'ya'yan kifi, har da gidan sauro da wasu ke mayarwa taru. Masunta kuma na mayar da martani cewa takardun da ake karɓar kuɗinsu sun fi bayanin da ake yi musu yawa. Wasu masana na ganin girman ambaliya ya fi yawan raga tasiri a kan kifin shekara. Ina ganin suna da hujja, amma hujjar ba ta cika cikin wanda dumba ta tare wa gaba.

A Yaere ma haka: dubban magudanai da mutane suka haƙa da hannu, kowanne da raga a bakinsa, suna tatse fadama zuwa kogi. A kwarin arewa har injin ban ruwa ake sawa a zuƙe kududdufi a tsince kifin da hannu.

Iyaka, da bindiga

Kifi bai san tuta ba, masunci kuma bayan kifi yake. A 1983 sojojin Najeriya da na Chadi sun gwabza a kan tsibiran da janyewar ruwa ta fito da su. A wancan zamanin ne masunta daga Najeriya suka bi ruwa har Darak suka kafa gari, hukumominsu suka biyo su, sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a 2002 cewa wurin na Kamaru ne, Najeriya ta janye a ƙarshen 2003.

Wannan duk wasa ne idan aka kwatanta da abin da ya biyo baya. A Janairun 2015 Boko Haram ta afka wa Baga. Wata guda bayan haka ta kai hari Ngouboua, karon farko a ƙasar Chadi. Nijar ta kwashe mutane daga tsibiranta ta hana su da cinikin kifi a Diffa na tsawon shekaru. A Maris 2020 aka kashe sojojin Chadi kusan 100 a Bohoma, a Oktoban 2024 aka kashe wajen 40 a Barkaram. Bayan kowane hari akan ayyana wasu yankuna a matsayin fagen daga, a ce kowa ya fita.

Ruwan da aka daina shiga shi ya fi kifi, wannan ko yaro ya sani. Rahotannin ƙungiyoyin bincike irin su International Crisis Group sun nuna yadda ɓangaren ISWAP, wanda ya ɓalle daga Boko Haram, ke karɓar haraji a hannun masunta kafin ya bar su su yi su. Wanda ya biya, soja na iya ɗaukar sa ɗan leƙen asiri. Wanda ya ƙi biya, ba lallai ya dawo ba. Hedikwatar rundunar haɗin gwiwar ƙasashen tafkin a N'Djamena take, ba nisa da kasuwar da ake jiran kifin, kuma sojoji na da tasu hujja: kuɗin banda na sayen harsashi.

Sakamakon shi ne cunkoso. Masuntan da suka baro tsibirai sun taru a gaɓar kudu, wajen Guitté da Mitériné da bakin Shari, wasu suka hauro kogi har Mani da Douguia, wasu har gefen birni. Raga ta yi yawa a ruwa kaɗan, kifi ba ya samun girma. Ƙaramar karfasar da uwargida ke juyawa a Dembé tana tsaki, daga nan ta fito.

A da, masunci kan ɓoye wurinsa ko ga amininsa. Ya fita da duhu, ya dawo ta wata mashiga daban don kada a bi sawunsa. Yanzu da wuya mutum ya fita shi kaɗai. Ana tafiya ayari, ana kiran juna a waya, kuma tambayar farko ba ta kifi ba ce, ta wanda aka gani a hanya ce.

Zuwa Maris da Afrilu ruwa zai fara ja. Za a ɗebe gura a jingine, a juye jirgi a shafa masa kwalta. Mutumin da ya shimfiɗa kalli a wata fadama kusa da Karal a Janairu zai dawo wurin da sanda mai tsini, ya bi danshin da ruwa ya bari yana binne masara da wake. A cikin busasshen taɓon da yake takawa akwai gaiwa a naɗe, tana jiran Shari.